Jan Ƙyalle a Kafaɗar Engela

Sansanin jiragen sama, kusa da Kimberley
Maris, 1942

Zuwa ga Tant Gesie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar nan taki? Ina fata kin daina hawa kujera kina tsinko inabi, ko da yake na san ba ki daina ba. Ni lafiyata ƙalau, har na yi ƙiba, don a nan sai mutum ya ci abinci ko yana so ko ba ya so.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙata, tunda ke da kakata Ouma 'ya'yan wa da ƙani ne kawai, kuma akwai waɗanda suka fi ki kusa da ni. To, na kusan ne suka rufe mini ƙofa. Duk wasiƙar da na aika wa mahaifina Pa a gona tana dawo mini yadda na liƙe ta. Yayata Lenie tana so ta rubuto, amma mijinta ne ke kai wasiƙu gidan waya, kin kuwa san ra'ayinsa a kan yaƙin nan. Ke kaɗai na sani a Doringkuil da ba ta neman izinin kowa kafin ta sayi kan sarki.

Ga hotona nan na sa miki a ciki. Kwat ce mai aljihu huɗu, da siket, da taye irin na maza, da hula mai baki. Maɓallan na tagulla ne, kullum da safe sai mun goge su har mutum ya ga haƙoransa a ciki. Abin da hoton ba zai nuna miki ba shi ne launi. Ɗan ƙyallen da ke kan kowace kafaɗa ja ne, kuma ba kowa ke da shi ba, sai wadda ta rantse za ta je duk inda aka tura ta a Afirka har yaƙi ya ƙare. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na ɗaga hannu na rantse, aka ba ni su, na ɗinka da kaina. Ranar Asabar a cikin gari wasu samari masu adawa da yaƙin suka biyo mu suna cewa, "Ga jajayen kwarkwata nan." Wata ƙawata ta juya ta ce musu, "Ai kwarkwata ta san inda ƙazami yake, shi ya sa muka biyo ta unguwarku." Mun sha dariya, amma da na koma ɗaki sai abin ya tsaya mini a rai, don da harshenmu suka zage mu.

Aikina naɗe lema ne, wadda matuƙi ke dirowa da ita idan jirgi ya lalace masa a sama. Farin siliki ne, ana shimfiɗa shi a tebur da ya fi shagonki tsawo, a bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya. In aka harɗe guda, ɗan wani ne zai faɗo. Sajan ɗinmu ta ce hannuna ya fi na kowa tsabta. Ban gaya mata a gindin keken ɗinkinki na koyi naɗe yadi ba.

Ki gaya mini gaskiya, yaya Pa yake? Yana shan maganin ƙirjinsa?

Taki,
Engela Swiegers

Doringkuil
Afrilu, 1942

Engela 'yata,

Wasiƙarki ta same ni lafiya. Gwiwa tana nan tana ƙara kamar ƙofar rumbu, amma inabi na tsinke shi tas kuma ban faɗo ba, sai ki nemi wani abin da za ki yi mini faɗa a kai. Ruwa bai sauka ba, tumaki sun rame. Lenie tana da ciki, ya tsufa, ta ce in gaya miki tana gaishe ki kuma kada in bari mijinta ya ji.

Ubanki yana nan. Duk Lahadi yana shigowa gari da keken doki, ya zauna a bencin dattawan coci da baƙar kwat da farin taye, fuska a murtuke. Ba ya ambatar sunanki, kuma in wani ya ambata sai ya shiga maganar farashin ulu. Maganin ƙirji kuwa ya ce na mata ne.

Yanzu maganar hoto. Na sa tabarau na duba, na cire na goge na sake dubawa. Kunya ta kama ni, Engela. A ce 'yar gidanmu ce ke yawo a titin Kimberley da kafaɗu irin waɗannan, kowa yana kallo. Ban nuna wa kowa hoton ba, na tura shi ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. Ki aiko mini da rigar nan in sa mata almakashi, tun kafin wani ɗan garinmu ya gan ki a cikinta.

Na haɗo miki da busasshen burodi da ɗan biltong, kilishin nan namu. Ki ci, kada ki rabar duka.

Tant Gesie Olckers

Sansani
Afrilu, 1942

Tant Gesie,

Ina gaisuwa. Burodin ya iso, 'yan ɗakinmu sun gode. Lafiyata lau.

A tsaye na fara karanta wasiƙarki, a zaune na ƙarasa ta. Na ɗauka ke daban ce. Samarin titi sun zage ni ban yi kuka ba, Pa ya dawo mini da wasiƙu ban yi kuka ba, sai taki.

Na san abin da sojoji masu kaki suka yi muku a tsohon yaƙin Ingilishi. Tun ina ƙarama kike gaya mana yadda aka ƙone gidanku ke da uwarki kuna kallo, da yadda ƙannenki suka rasu a sansanin tantuna. Ban manta ba, kuma ba zan ce ki manta ba. Amma ni ba su ba ce. Ni Engela ce 'yar Gideon, kuma yaran da nake naɗe wa lema rabinsu 'ya'yan gonaki ne irin namu, da harshenmu suke addu'a kafin su tashi.

Almakashinki ba zai taɓa kafaɗata ba. Abin da ke kanta rantsuwa ce na yi da sunan Ubangiji, kuma a gidanmu aka koya mini cewa ba a warware rantsuwa don mutane sun tsuke fuska. Ina alfahari da rigar nan. In hoton yana ba ki kunya, ki dawo mini da shi, kada ki danne shi da Littafi kamar wani zunubi.

Engela

Doringkuil
Yuli, 1942

Engela,

Ina gaishe ki. Sanyi ya kwantar da ni da tari, yanzu na tashi. Amma ba tari ne ya hana ni rubuto miki ba, fushi nake yi, kuma na ga dama in yi shi har ya ishe ni.

Ke wawiya ce, kuma a wurin ubanki kika gado. Wa ya yi maganar jan ƙyallenki? A hoto baƙi da fari ina ma zan gan shi? Kafaɗar rigar nake nufi. Ta zubo miki har rabin damtse, hannun ya haɗiye yatsunki, ƙugun kuwa ke da ƙawar taki mai baki za ku shiga tare ku ɓalla maɓalli. Wanda ya yanka rigar nan bai taɓa ganin mace ba, da wani ƙaton sajan mai tumbi ya auna. Tun kafin a haifi uwarki nake yi wa matan garin nan ɗinki, ba wadda ta taɓa fita daga shagona kamar buhun ulu. Shi ne ke, da kika tashi a gindin kekena, za ki aiko mini da wannan ki ce in yi murna.

Tunda kin taɓo maganar kaki, bari in gaya miki sau ɗaya. Ba na son launin nan, kuma ba zan so shi ba har in koma ga Mahaliccina. In na gan shi warin hayaƙi nake ji. Wannan nawa ne, ba naki ba. Ke kin yi rantsuwa kin tsaya a kanta, kuma da na karanta zagin da kika yi mini, bayan na huce, na ji daɗin yadda kika tsaya. In dai za ki sa kaki, to ki sa shi kamar 'yar gidan mutunci.

Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lenie ta sauka lafiya, mace, an sa mata Hendrina, sunan marigayiya uwarku. Za a yi mata baftisma a Oktoba in sanyi ya wuce. Kin san al'adarmu, budurwa daga dangin uwa ce ke ɗauko jariri daga ɗakin dattawa ta shigo da shi gaban jama'a har wurin kwanon ruwa. Lenie ta ce ke za ki shigo da ita, in ba ke ba yarinyar ta girma haka. Mijin ya yi ta hargagi, daga baya ya gaji ya yi shiru. Ban san Lenie tana da wannan ƙashin ba.

Sai dai akwai ƙaya. Tun bara, da aka yi dambe a ƙofar coci tsakanin wani soja da 'yan adawa da yaƙi, dattawa suka yanke cewa mai jan ƙyalle a kafaɗa ba zai shiga ba. Ubanki yana cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Na gaya miki tun yanzu don ki san inda kike sa ƙafa.

Har yanzu ina jiran rigar.

Tant Gesie

Sansani
Agusta, 1942

Tant Gesie tawa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Da na karanta wasiƙarki kunnuwana har zafi suka yi. Na je na tsaya gaban madubi, na ga buhun ulun da idona. Allah ya ƙara sauƙin tari, ki riƙa sa mayafin nan mai kauri.

Ga kwat ɗin nan na aiko. Biyu gare mu, wannan ce ta fita. Ki rage duk inda kika ga dama, amma kada ki taɓa aljihu, kada ki canza maɓalli, kada kuma ki yi mata ado a wuya, na san halinki. In sajan ta ga leshi a kwat ɗin gwamnati kashina ya bushe.

Makon jiya wani ɗalibin tuƙi ya diro da lemar da na naɗe, injinsa ya kama wuta. Ya zo ɗakin aikinmu yana ɗingishi, yana tambayar wace ce Swiegers. Yaro ne ƙarami, ko gemu bai tsiro masa ba. Ya miƙo mini gwangwanin alewa, ya sara mini ya fita. Ni da ba hafsa ba. Na so a ce Pa yana wurin.

Baftisma kuwa zan zo. Hutun gajere ne, jirgin ƙasa zai sauke ni Asabar da yamma, in koma da na tsakar ranar Lahadi. Doka ta ce da kayan soja muke tafiya hutu, kuma ko doka ba ta ce ba da su zan zo. Ki gaya wa Lenie ina son yarinyar tun ban gan ta ba.

Taki,
Engela

Doringkuil
Satumba, 1942

Engela 'yata,

Ina lafiya, Lenie da jaririya suna lafiya. Ki nemi wuri ki zauna, don an yi ɓarna, kuma a shagona aka yi ta.

Kin san ba a gyara kafaɗa sai an farke hannu, an cire maɗaurin kafaɗar da abin da ke kansa. Na cire jajayen ƙyallayenki na adana su a gwangwanin maɓallai, na rataye kwat ɗin a jikin mutum-mutumin awo. Ranar Asabar sai ga ubanki ya kawo mini cinyar tunkiya. Na zuba masa kofi, bai zauna ba, idonsa yana kan rigar.

Ya ce, "Ta wa ce wannan?"

Na ce, "Ka san ta wa ce."

Ya zagaya ta, ya ɗora yatsa a kafaɗar, daidai inda allura ta bar huji. Ya ce, "Ita ta ce a cire?"

Na ce, "Gideon, gyara nake yi. Dole ne a farke kafin..."

Bai bari na ƙarasa ba. Idanunsa suka ciko, ya ce, "Na san 'yata ce. Na san za ta dawo hanya." Ya ɗauki hularsa ya fita, kofi ko kurɓa bai yi ba. Kafin in lalubo sandata ya kai gidan Dominee, limamin cocinmu. Kafin rana ta faɗi duk dattawan coci sun ji cewa 'yar Gideon Swiegers ta cire jan ƙyalle don girmama gidan Ubangiji.

Washegari bayan an tashi daga coci na tare shi a gindin kekensa na gaya masa gaskiya tsirara, cewa ni na cire, kuma don ɗinki na cire, ke ko sani ba ki yi ba. Ya daɗe yana gyara linzamin da ba abin da ya same shi. Sannan ya ce, "Na riga na yi wa dattawa alkawari, Tant Gesie. Na ce ba za ta shigo da su ba, in kuma ta zo da su ni da kaina zan tsaya a ƙofa. Ki rubuta mata. Ba za ta kunyata ni a gaban mutane ba."

Na ce, "Kai ka kunyata kanka, da ka ga rabin ɗinki ka ruga da shi gari." Ya kaɗa dokinsa ya tafi.

Tun rasuwar uwarki ban ga ubanki da farin ciki irin na wannan Asabar ba. Ina gaya miki ne don gaskiya ce, ba don in karya miki gwiwa ba. In kin shigo babu su, kin sami ubanki, kuma ba wanda zai kai ƙararki sansani. In kin shigo da su, zai tsaya a ƙofa a gaban duk gari. Na gama rigar, ƙyallayen suna cikin gwangwani. Ki gaya mini abin da zan yi.

Tant Gesie

Doringkuil
Oktoba, 1942

Engela,

Lafiya muke. Kullum sai na ja gwiwata zuwa gidan waya, har mai gidan wayar ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ba ki amsa ba. Ban sani ba ko fushi ne, ko an tura ki arewa, ko kin fasa zuwa.

Na gaji da jira, na mayar da su, da zare ninki biyu. Riga ta zo mini da jan ƙyalle, da shi za ta bar shagona, don ban taɓa mayar wa mai kaya kayansa da giɓi ba. In kina so a cire, almakashi yana kan tebur, ki cire da hannunki. Amma ki zo.

Tant Gesie

Sansani
Oktoba, 1942

Tant Gesie tawa,

Na iso lafiya, jirgin bai makara ba. Ina fata tsayuwar ranar Lahadi ba ta tayar miki da gwiwa ba.

Na gode da ba ki tambaye ni dalilin shiruna ba da na sauka a gidanki. Na rubuta miki amsa ya fi a ƙirga, wata ta ce ki mayar, wata ta ce ki bari, duk na yayyaga. Har safiyar Lahadi ban san abin da zan yi ba. Kin gan ni na ɗauki almakashin. Da na sa kwat ɗin na dubi madubi, na ga ta zauna mini kamar tare aka haife mu, sai na ajiye shi. Ba kyan rigar ba ne kawai. Na ga in na cire su don Pa ya yi murna, wata ce daban zai yi murna da ita, ba ni ba.

Ga abin da ba ki gani ba. A ɗakin dattawa Lenie ta ɗora mini Hendrina ta koma cikin coci. Ina jin ana rera waƙa, yarinyar kuwa ta kama maɓallina tana ƙoƙarin kai shi baki. Sai ƙofar ta buɗe, ga Pa ya cika ta. Ya tsufa, Tant Gesie, ba ki gaya mini ba. Ya dubi kafaɗata ta dama, ya dubi ta hagu. Na ce, "Pa, rantsuwa na yi." Ya daɗe a tsaye har waƙar ta ƙare, coci ya yi tsit. Sannan ya juya ya tafi, ya bar ƙofar a buɗe.

Na shiga. Ban dubi kowa ba sai kwanon ruwa. Na ji takun mutane suna fita, na ji an buga ƙofar waje. Da na miƙa wa Lenie yarinyar na saci kallon bencin dattawa, wurin Pa ba kowa. Ana gama baftismar na fita ta baya na ruga tasha, ko sallama ban yi muku ba.

Ya fita tare da su ke nan. Na kori ubana daga cocin da ya fi so a duniya. Ban yi nadamar abin da ke kafaɗata ba, amma tun ranar abinci ba ya wuce mini. Ki gaya mini ko ƙirjinsa ya tashi, kuma kada ki tausasa mini komai.

Taki,
Engela

Doringkuil
Nuwamba, 1942

Engela 'yata,

Gwiwa ta kumbura ta sace, ina lafiya. Hendrina tana ta ƙiba. Ki je ki ci abinci kafin ki ƙarasa karanta wannan, ban ɗinke ƙugun nan don ki rame ya sake yi miki yawa ba.

Ubanki bai fita ba. Da ya baro ki, bencin dattawa ya nufa, ya sunkuya ya ɗauko hularsa da Littafinsa daga ƙarƙashi. Dominee yana kallonsa, sauran dattawan suna kallonsa. Ya bi ta tsakiyar coci a hankali har can baya, ya zauna kusa da ni a bayan ginshiƙi, inda guragu da kurame ke zama. Waɗanda kika ji sun fita iyalai ne kaɗan, kuma yawancinsu ni na ɗinka wa matansu rigar aure, za su dawo.

Da kika shigo da yarinyar kowa yana zaune. Shi kaɗai ya miƙe tsaye, bai zauna ba sai da kika miƙa ta. Ni kuwa ban ga kwanon ruwa ba, ban ji abin da Dominee ya ce ba, bayanki kawai nake kallo. Kafaɗa a miƙe, ƙugu a zaune, babu tattara ko ɗaya. Na yi kuka, kuma ban ɓoye ba. Ban taɓa zaton zan ga kaki a cocinmu zuciyata ta cika haka ba.

Bayan an tashi dattawa suka shiga ɗakinsu da shi. Mata ba sa shiga, amma tagar a buɗe take, gwiwata kuma ta zaɓi gindin tagar nan ta ce sai an huta. Wani ya ce a rubuta wa sansaninku, wani ya ce a tsawatar wa Lenie. Ubanki ya bari suka gama, sannan ya ce, "Yarinyar nan ta yi rantsuwa ta cika. Ni na yi muku alkawari ban cika ba. In akwai wanda zai bar wurinsa yau, ni ne." Dominee ya ce ya je ya yi tunani. Ya ce ya gama tunaninsa a bakin ƙofa. Tun kina goye yake zaune a bencin nan, kin san abin da ya ajiye.

Kada ki ɗauka ya sauya ra'ayi. Har gobe yana cewa yaƙin nan ba namu ba ne, ya ma faɗa mini haka ranar Asabar da ya zo shan kofi, wuyansa ba farin taye, sai shafa wurin yake yi. Ya sha kofi biyu, ya yi maganar ulu, ya yi maganar fari, ya tashi zai tafi. A bakin ƙofa ya tsaya yana juya hula.

Ya ce, "In kin rubuta mata, ki ce in za ta zo Kirsimeti ta faɗi ranar jirgin. Zan je tasha da keke."

Na ce, "Tasha kuwa cike take da mutane ranar Kirsimeti, Gideon. Da waɗanne kaya za ta zo?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar banza, ya ce, "Tana da wasu ne?"

Ki nemi hutun tun yanzu.

Taki,
Tant Gesie